Yadda Ake Raba wa Doki Kwanakin Hawa da na Hutu

Wanda ya sayi dokinsa na farko, da wuya ya yi wata guda bai tambayi wani tsohon hannu ba: in ina hawansa kullum, ba zan kassara shi ba kuwa? Baligin doki mai lafiya yana iya fita kullum babu abin da zai same shi, muddin aikin yau ya bambanta da na jiya. Don tafiya aka halicce shi. Dokin da ke sake a daji yakan shafe kusan awa 16 a rana yana kiwo yana taku a hankali, kuma a kan wannan motsin ne cikinsa da ƙafafunsa suke aiki daidai.

Abu biyu ne ke karya doki. Na farko, sukuwa kullum a ƙasa mai tauri. Na biyu, ɗauri na makonni a turke ana tura masa gero, sannan rana ɗaya a ɗora masa aikin da jikinsa bai shirya wa ba. A bargoginmu na biyun ya fi yawa, kuma shi ya fi damuna, domin mai dokin yana ganin gata yake yi masa. Ga yadda za ka tsara abin.

Mataki na 1: Ka san wane doki ne a hannunka

Shekaru su ne farko. Dukushi ɗan shekara 2 ko 3 yakan cika ido, amma ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Ƙasusuwan ƙafa ne ke fara kammala girma, na gadon baya kuwa, inda sirdi ke zama, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Saboda haka ɗan shekara 3 hawa uku ko huɗu a mako ya ishe shi, kowanne minti 20 zuwa 30, da mahayi marar nauyi, ba zamiya ba tsere. Tsohon doki da ya haura 18 shi kuma fita kullum ta fi masa amfani, amma gajeriya kuma a hankali, don zama wuri ɗaya na sandarar masa da gaɓoɓi.

Sai nauyi. Ma'aunin da masana dawakai suka saba bayarwa shi ne kada abin da ke bayan doki ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ya kai kilo 350, kilo 70 ke nan, kuma a ciki har da sirdi da jalala da likkafa da duk kwalliyar da aka jibga masa. Ƙato mai kilo 90 da ya hau irin wannan doki da cikakken kayan sallah, ko taku kawai suka yi, dokin ya yi aiki mai nauyi a ranar.

Daga nan ka ɗauki safiya uku a jere kana auna shi yana hutawa, ka rubuta a littafi. Bugun zuciyar baligin doki yana tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. Ka sa yatsu a gefen ciki na ƙashin muƙamuƙi, za ka ji wata jijiya tana mirginawa a ƙarƙashin yatsa, ka danna kaɗan, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Numfashi 8 zuwa 16 a minti, ana ƙirga shi da kallon kwiɓi. Zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, da ma'aunin zafi na kemis a dubura. Kowane doki da lambarsa. In naka 36 yake bugawa kullum, ranar da ka ji 48 da sassafe bai motsa ba, akwai magana.

Mataki na 2: Kowace safiya ka tambayi dokin kafin ka tambayi jadawali

Wannan duban minti biyar ne, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko za a ɗaura sirdi yau. Kada ka bar wa ɗan barga shi kaɗai, ko da amintacce ne. Hannunka ya kamata ya san jikin dokinka.

Ka fara da abin da ya bari a dare. Ya cinye harawarsa? Ruwan bokiti ya ragu? Kashinsa ya fito dunƙule-dunƙule da laima, ko ya bushe ƙanana, ko babu ma? Dokin da ya gaji fiye da kima abinci yake fara ragewa.

Sai ƙafafu, kuma a nan ake jimawa. Ka tsuguna gefensa, ka shafo bayan ƙwaurin ƙafar gaba da babban yatsa da manuni, daga ƙasan gwiwa har zuwa gaɓar da ke saman kofato. A lafiyayyen doki jijiyoyin nan za ka ji su a miƙe, da tauri, da sanyi, kamar igiyar guga da aka ja, kana iya rarrabe ɗaya da ɗaya. In ka ji wani wuri ya yi laushi, ko ya cika, ko ya fi na ɗaya ƙafar ɗumi, ko dokin ya fizge ƙafa da ka matsa, ka ajiye sirdi. Kullum ka gwada dama da hagu, bambancin shi ne labarin. Ka dafa kofato huɗun da tafin hannu ka ji ko wani ya ɗau zafi, ka ɗaga kowanne ka ƙwaƙule tsakuwa da dattin da ya maƙale.

Akwai kumburin da bai kamata ya tsorata ka ba: ƙafafun baya biyu su cika daidai da juna bayan ya kwana a tsaye, ba zafi ba ciwo, kuma su saɓe bayan taku na minti 15. Wannan alamar rashin motsi ce, maganinta fita. Kumburin ƙafa ɗaya mai ɗumi shi ne abin tsoro.

Ka bi gadon bayansa da yatsu, gefe da gefen ƙashin baya, daga inda geza ta ƙare har ƙugu. In ya lanƙwasa baya, ya kwantar da kunnuwa, ko ya juyo zai cije ka, bayansa na ciwo. Ka duba inda majayi ke bi, bayan ƙafafun gaba, ko fata ta saluɓe.

Na ƙarshe, yaro ya ja shi da ragama ya yi sassarfa a miƙe a ƙasa mai faɗi, ya tafi ya dawo, kai kana kallo. Dokin da ƙafar gabansa ke ciwo yakan ɗaga kai sama daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa. In ka ga kan yana wannan sama da ƙasa, ɗingishi ne ko da ƙanƙani, kuma ba a hawan mai ɗingishi "don ya warware".

Mataki na 3: Ka kasa aikin kashi uku

Aiki mai sauƙi shi ne taku na minti 30 zuwa awa ɗaya da 'yar sassarfa, dokin ya dawo bai jiƙe ba. Wannan ana iya yin sa kullum.

Matsakaici shi ne awa ɗaya ko ɗaya da rabi, sassarfa mai yawa da ɗan gudu, gumi a wuya da ƙarƙashin sirdi.

Mai nauyi shi ne sukuwa, zamiya, tsere, tafiya cikin rairayi mai zurfi, ko yini guda da kaya a rana. Zamiya ta fi kowanne cin jiki, domin duk nauyin doki da na mahayi yana tattaruwa ne a gaɓoɓin ƙafar baya cikin ƙiftawar ido. Sukuwa a kan kwalta kuwa, wadda samari ke yi a hawan angwanci, ban san ranar da ta dace da ita ba: tana dukan gaɓoɓi, tana cinye kofato, ga santsi.

Dalilin wannan rabon yana cikin yadda jiki ke ƙaruwa. Aiki mai nauyi yana yi wa tsoka da jijiya ƙananan raunuka da ido ba ya gani, kuma a kwana biyu zuwa uku da suka biyo baya ne jiki ke gyara su ya ƙara musu ƙarfi. In ka sake sukuwa kafin gyaran ya kammala, rauni kake ɗorawa a kan rauni. Kuma sassan jiki ba tare suke ƙwari ba. Zuciya da tsoka cikin makonni suke samun ƙarfi, jijiya da ƙashi sai watanni. Shi ya sa doki ya fi shiga haɗari a wata na biyu da fara kilisa: numfashi ya zauna, yana jan linzami yana neman gudu, mai shi ya ga ya kai, alhali ƙafafun ba su iso ba.

Masu folo, wato wasan ƙwallon doki, sun daɗe da gane wannan. Wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya assasa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a kansa a duniya, ana buga shi ne zagaye-zagaye na kimanin minti 7, kuma da an gama zagaye ɗan wasa sauka yake ya canja doki. Dawakai ne da suka sha horo, amma minti 7 na gudu ake ɗauka a matsayin aikin da ya isa a huta.

Mataki na 4: Ka shimfiɗa makon

Ga misali ga baligin doki da ya riga ya saba da aiki, wanda babbar kilisarsa ranar Lahadi ce. Lahadi aiki mai nauyi. Litinin ba sirdi, sai ja da hannu. Talata mai sauƙi. Laraba matsakaici, ko mai nauyi na biyu in ana shirin tsere. Alhamis mai sauƙi. Juma'a hutu. Asabar mai sauƙi da 'yar sassarfa don ya saki jiki. Ka juya ranakun yadda ya dace da kasuwarka ko ofishinka, amma ka riƙe ƙa'ida uku: aiki mai nauyi kada ya wuce biyu a mako, kada biyun su zo a jere, kuma a sami aƙalla rana ɗaya da bayansa bai ga sirdi ba.

Lokacin fita yana canja nauyin aikin. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, tafiyar da take mai sauƙi da hunturu ta koma matsakaiciya. Ka fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Doki na iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya in yana aiki mai nauyi cikin zafi.

Kada ka ji tsoron hutu zai zubar masa da ƙarfi. Dokin da ya horu yana riƙe ƙarfinsa mako biyu ko fiye ko da ba a hau shi ba.

Mataki na 5: Ka ba shi hutun da ya amsa sunansa

A nan aka fi yin kuskure. In aka ce doki na hutu, abin da akasari ake nufi shi ne yana ɗaure da gajeriyar igiya awa 24, kwanon gero cike a gabansa. Bayansa ya huta, amma cikinsa da ƙafafunsa sun shiga wahala.

Abu na farko, ka rage hatsi. Ranar da ba aiki, a ba shi rabin geron ko dawar da aka saba, ko ƙasa da haka, tun daga ciyarwar daren da ya gabata. Dokin da aka ɗaure kwana ɗaya ko biyu a kan cikakken hatsi, in aka fito da shi aka sa shi gudu, tsokar cinya da ta ƙugu na iya ɗaurewa. Za ka ga ya taƙaita taku, gumi na zuba ba dalili, yana rawar jiki, tsokar ta yi tauri, daga baya fitsarinsa ya fito ja-ja ko baƙi-baƙi. Turawa sun san ciwon tun zamanin dawakan keken kaya, waɗanda ke hutun Lahadi su kamu ranar Litinin. In ya faru kana kai, ka sauka nan take, kada ka tilasta masa tafiya, ka kai shi inuwa mafi kusa, ka miƙa masa ruwa, ka kira likitan dabbobi, domin ciwon na iya taɓa ƙoda.

Harawa da ciyawa kuwa ba a rage su. Doki na buƙatar kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa na busasshiyar ciyawa a rana, wato kilo 5 zuwa 7 ga mai kilo 350. Tumbinsa ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, don haka kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi masa tuli ɗaya. Ruwa ya kasance a gabansa ko yaushe; bokiti biyu zuwa uku masu lita 20 ba su yi masa yawa ba a bazara. A ajiye masa gishiri ko 'yar kanwa inda zai lasa da kansa.

Abu na biyu, motsi. In kana da fili mai katanga, ka sake shi awa biyu ko fiye. In gidan cikin gari ne ba fili, a ja shi da ragama minti 20 zuwa 30 safe da yamma, a tsaya inda akwai ciyawa ya ɗan tsinka. A kai shi wurin rairayi ya yi birgima. Duk wanda ya taɓa ganin doki ya durƙusa, ya juya baya a ƙasa ƙafafu huɗu a sama, ya miƙe ya girgije ƙura yana furzar da iska, ya san abin da wannan ke yi masa. Hanji ma da motsi yake aiki, kuma yawan tsayuwa na daga cikin abubuwan da ke jawo ciwon ciki.

Abu na uku, kwanciya. Doki na gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, ko da na rabin awa ne a dare. Igiyar da ba ta kai ya kwanta ba, ko daɓen siminti mai jiƙe da fitsari, suna hana shi wannan. Ka tsawaita igiya, ka zuba yashi busasshe.

Ranar hutu ita ce kuma ranar gyaran kofato, wanda ake yi duk mako 6 zuwa 8, da wanke shimfiɗar ƙarƙashin sirdi a shanya ta. Shimfiɗar da gumi ya bushe a jikinta ta yi ƙamas ita ke fara cin baya.

Mataki na 6: Yadda ka sauka yau shi ke nuna ko za ka hau gobe

Minti 10 na ƙarshen kowace fita taku ne, kamar yadda minti 10 na farko suke. Da ka sauka ka sassauta majayi, ka kai shi inuwa, ka cire sirdi. Kafin ka wanke, ka dubi sawun gumin. In duk wurin sirdin ya jiƙe amma akwai wani tabo busasshe gefen tudun kafaɗa, sirdin na danna wurin har gumi ya kasa fita. Nan gaba farin gashi zai fito a wurin, ko gyambo. A kai sirdin wajen baduku, hutu kaɗai ba zai magance wannan ba.

Ka kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, ka yi ta maimaitawa har fatar ta yi sanyi. Da yawa daga dattawanmu sukan hana doki shan ruwa in ya dawo da gumi. Binciken likitoci ya nuna ba shi ruwa a lokacin ya fi, don a lokacin ne ya fi jin ƙishi. Ka ba shi rabin bokiti, a ɗan taka da shi, a ƙara. Hatsi ne ake jinkirtawa kamar awa ɗaya, har numfashi ya daidaita.

Bayan minti 15 zuwa 20 da tsayawa ka auna bugun zuciya. In ya sauko ƙasa da 60, aikin daidai da ƙarfinsa ne. A gasar dogon zango ta duniya, dokin da bugunsa bai sauko 64 ba cikin lokacin da aka ƙayyade fitar da shi ake yi. In naka ya yi rabin awa yana sama da haka, ka wuce da shi iyaka, gobe da jibi ba hawa. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki: in ta jima ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ka danna dasashi, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2.

Mataki na 7: Sallah da sauran ranakun da ba a iya hutawa

Hawan sallah a Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, kwanaki ne a jere: hawan idi, Daushe, Nasarawa, sannan Ɗorayi ko Fanisau. Katsina da Zazzau da sauran masarautu kowa da nasa jerin. A 'yan shekarun nan kuma sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, tsakiyar zafi. Babu ranar hutu a ciki, don haka a gaba ake biyan kuɗinta.

Ka fara mako 8 kafin sallah. Mako biyun farko taku zalla, daga minti 20 ana ƙarawa har awa ɗaya. Na uku da na huɗu a shigo da sassarfa. Daga na biyar a fara gajeren gudu sau biyu a mako, a kuma riƙa ɗaura masa kayan hawan sau ɗaya a mako don bayansa ya saba da nauyinsu. Kada ka ƙara tsawon lokaci da sauri a mako ɗaya; ɗaya ake ƙarawa. Kwana uku na ƙarshe a sassauta, taku kawai. Ƙaramar sallah ta fi wuya, domin shirin nata cikin azumi yake faɗawa, lokacin da mahayi ba shi da ƙarfin fita. Rabin awa bayan asuba ya wadatar, in kuma ba za ka iya ba ka sa yaro ya ja shi.

A ranakun hawan, yawancin wahalar doki a jira take. Awa uku a tsaye a rana da mutum a baya, ana jiran fitowar sarki ko ana hira. Abu Dawuda ya ruwaito hanin Annabi (SAW) ga mayar da bayan dabbobi mumbari. In jira ya yi tsawo ka sauka, ka sassauta majayi, ka nemi inuwa, a kawo ruwa a jarka. Mai dawakai biyu ya riƙa musanya su. In da safen rana ta uku ka ji ɗumi a jijiya ko ka ga baya ya saluɓe, ka haƙura da hawan ranar. Kada a yi masa allurar kashe zafin ciwo don ya fita. Ciwon ne ke hana shi taka ƙafar da ƙarfi, in aka ɗauke shi zai taka har jijiyar ta yage, kuma jijiyar da ta yage tana cin wata 6 zuwa shekara kafin ta warke. Bayan sallah a ba shi kwana 4 zuwa mako guda ba sirdi, da ja da hannu kullum da ragin hatsi.

Masu ba da hayar doki don angwanci da saukar karatu, wannan lissafin ya shafe ku fiye da kowa, don mai haya bai san dokin ya fita jiya ba. Ku rubuta fitar kowane doki, ku bi shi da yaronku, ku gindaya sharaɗin ba sukuwa a kwalta tun kafin a karɓi kuɗi.

In doki ya yi dogon zama saboda ciwo ko tafiyar mai shi, a dawo da shi da kimanin tsawon zaman da ya yi: wata ɗaya a ɗaure, wata ɗaya na taku da sassarfa kafin a saki linzami. In kuma ciwon jijiya ne ya zaunar da shi, likita ne zai faɗi ranar fara sassarfa, ko da ɗingishin ya ɓace tun tuni.